Ku Tambayi Gwaggo: Za mu Alƙahira da yara, maigida ya ce ba mai cin abincin bakin titi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya, ya iyali? Maigidana zai kai Hajiyarsu Masar a duba mata ido a hutun Disamba, ya ce mu tafi tare da yaranmu uku, babbar shekararta 12, autan kuma 4. Kwana goma za mu yi, ganin likitan bai wuce kwana uku ba. Ni burina yara su ga gari su ɗanɗani abincin mutanen can, shi kuwa ya ce ba wanda zai ci komai a titi, don wani abokinsa ya je ya kwana biyu yana zawo. Tuni ya sa na fara haɗa garin kwaki da ƙuliƙuli da yaji da kuka da daddawa da kilishi. Na san kin zauna can. Don Allah ina za mu je, me za mu ci, kuma yaya zan shawo kansa?
Ƙanwarki daga Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa ɗanta da alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Da farko kada ki ɗauki maganar maigida a matsayin takura. Mutumin da zai ɗauki tsohuwa mara lafiya da ƙananan yara uku ya kai su ƙasar da ba ya jin yarenta, dole hankalinsa ya tashi idan ya tuna ciwon ciki. Ki haɗa kayan nan kamar yadda ya ce, musamman kuka da daddawa da yaji, domin Hajiya za ta nemi miyar da ta saba. Kilishin dai ki rage, ƙasashe da yawa ba su son a shiga musu da nama, kada a karɓe a filin jirgi ki yi asara. Amma a tafi har Alƙahira a kulle ɗaki ana jiƙa kwaki kwana goma, wannan kam ban goyi baya ba. Shekara huɗu na yi a Hayyul Ashir da ke unguwar Madinatu Nasr lokacin da Malam yake karatu a Azhar, can na yi goyon fari, kuma rabin abin da muka ci a bakin titi muka saya.

Abin da zai fi kwantar masa da hankali shi ne ya san abincin nasu ɗan'uwan namu ne. Da safe za ki ga layi a gaban mai kasko yana tsoma ƙullu cikin mai, ki leƙa ki ga ƙosai ne sak, sai dai cikinsa kore saboda ganyen da suke niƙawa tare da waken. Sunansa ɗa'amiyya. A gefensa akwai wata tukunya mai dogon wuya kamar tulu, an kwana ana dafa wake a cikinta har ya narke, shi ne ful. Ana zuba masa mai da lemon tsami da gishiri, a ci da gurasarsu mai suna aish baladi, wadda ba ta da maraba da gurasar da ake kawo mana daga Kano sai ɗan dusar da ke jikinta. Da rana kuwa koshari ne sarki. Ki ɗauka garau-garau ce ta je birni: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a kwarara miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa a sama. A kan tebur za ki ga kwalba biyu, ɗaya ruwan tsami da tafarnuwa, ɗaya ruwan barkono da suke kira shaɗɗa. Babu nama a ciki, ga ƙosarwa, ga araha, kuma ban taɓa ganin yaron da ya ƙi shi ba. Ni a ganina da koshari za ki fara gwada maigida, a shago mai kujeru inda zai ga ana zuba shi yana tururi.

Abin sha ma namu ne. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom kuwa goruba ce suke jiƙawa su sha. Ranar da na fara ganin goruba a kasuwar Alƙahira sai da na yi ƙwalla, don tunawa da na yi da ƙofar makarantarmu a Rafindaɗi. Akwai kuma shagunan matse rake, asir asab, a gabanki za a tura sandar raken cikin inji a miƙo miki ruwan da kumfarsa. A sha nan take, in ya jima baƙi yake yi. Miyar da suke ji da ita, mulukiyya, lalo ne. Bamiya kuɓewa ce. Idan Hajiya ta ji haka za ta saki jiki.

To, ina zawon abokin maigida ya fito? Yawanci ba daga abin da aka soya ko aka dafa a gabanka yake zuwa ba, wuta ta gama da ƙwayoyin cuta. Daga ɗanyen abu ne da ruwa: salak ɗin da ake cusawa cikin gurasa, 'ya'yan itacen da aka yanka aka bari a buɗe, ƙanƙarar da ake jefawa cikin lemo, kofin da aka ɗauraye a bokiti ɗaya tun safe. Ni ma ta nan na sha wuya. Wata rana da zafi na saya wa ɗana lemon mangwaro mai ƙanƙara a wani shago, daren nan ba mu runtsa ba, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Tun daga ranar na koyi cewa "min ger talg", wato ban da ƙanƙara, da "min ger salaɗa". Ki haddace su, ki ƙara da "min ger shaɗɗa" saboda autan. Ruwan sha kuwa na gora kawai, wanda ke da kanki kika ɓalle murfinsa, da shi za a wanke wa ƙaramin baki. Ku ci a inda kuka ga mata da yaran gari sun yi layi, domin abincin wurin ba ya kwana. Kwana biyun farko ku tsaya kan mai zafi kaɗai har ciki ya saba. Hantar da ake soyawa a amalanke, kibda, tana da daɗi ƙwarai, amma ku bar wa manya, su ma a shago tsayayye. Wani kifi da ake tsumawa cikin gishiri mai suna fasikh, ko kyauta aka ba ku kada ku taɓa, hukumar lafiyarsu da kanta takan gargaɗi mutane a kansa duk shekara.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki kada ki yi wasa da shi. Waken ful, wanda da shi ake yin ɗa'amiyya ma, yana fasa jinin masu wata larura ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Larurar tana da yawa a cikinmu mutanen Afirka ta Yamma, ta fi kama maza, kuma mutum zai iya girma bai san yana da ita ba. Idan akwai yaron da ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko wani magani ya taɓa sa fitsarinsa ya yi duhu, a yi masa gwaji tun a nan Katsina kafin tafiya. Wanda ya ci ful idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, asibiti za a nufa ba jira. Ki kuma sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS cikin jakarki, da sabulu ƙarami. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kowa ya tafi da nasa.

Yawon gari kuma, shawarata wuri ɗaya a rana, ku fita da hantsi ku dawo kafin la'asar. Alƙahira gari ne mai cinkoso da hayaniya, tsallaka titi kaɗai aiki ne, ki riƙe hannun autan ki bi bayan 'yan gari ku ƙetare tare. Disamba sanyi suke yi mai shiga ƙashi, da dare yakan sauko wajen digiri 10, ku tafi da rigunan sanyin hunturu har da safa. Mota ta Uber ta fi muku sauƙi tunda ba ciniki. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragun mata zalla, in ke da babbar yarinyar za ku fita.

Ku fara da Azhar. An aza harsashin masallacin a shekarar 970, yau ya haura shekara dubu ana karatu a cikinsa. Idan kun zauna a farfajiyar nan mai farin dutse, ki gaya wa yaranki cewa ba baƙi ba ne su a wurin. Malamin nan na garinmu, Muhammadu al-Kashnawi, gwanin lissafi da ilimin hatimi, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi kuma Imamu Suyuɗi, wanda almajiranmu ke karanta tafsirinsa kowane azumi, daga wannan birni ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha, kuma can kabarinsa yake. Wannan labarin na tabbata zai taɓa zuciyar maigida fiye da duk wani roƙo da za ki yi. Daga Azhar tsallaken titi ne zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. A kasuwar kuɗin farko da aka faɗa miki ba shi ne kuɗin ba, ki taya kamar kina kasuwar 'Yar Kutungu, in bai sallama ba ki yi gaba, zai kira ki. Bayan kasuwar akwai titin Mu'izz, wajen kilomita ɗaya na tsofaffin masallatai da makarantu jere da juna, da yamma ana kunna musu fitilu. Nan ne za ku haɗu da masu gasa dankali a amalanke mai tanda, ki saya wa yara, zafinsa kaɗai ya isa shaida.

Dalar Giza ku ba ta yini guda. Babbar, ta Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta a yau kusan mita 139, kamar a ɗora hasumiyar Gobarau tara a kan juna. Kada Hajiya ta shiga ciki, hanyar ƙunci ce, a duƙe ake hawa, ga ƙarancin iska. Masu raƙuma da dawaki za su yi muku caa. Mu 'yan Katsina raƙumi ba baƙonmu ba ne, amma yara za su so hawa, to a yi ciniki a ƙasa, a faɗi kuɗin hawa da na sauka da tsawon zagayen kafin kowa ya ɗaga ƙafa. Wanda ya ɗora miki rawani ko ya miƙo tsaraba yana cewa kyauta ce, ki ce "la, shukran" ki wuce. Ki riƙe canji ƙanana, domin ɗan hasafin da suke kira bakshish al'ada ce a can, mai gadin takalma a masallaci ma yana sa rai.

Ranar da Hajiya ta gaji ko aka ɗaure mata ido, ku kai yara lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudun da dā juji ne. Akwai ciyawa da inuwa da wurin wasa, ana hango hasumiyoyin tsohon gari da ganuwar Salahuddin. Jirgin ruwan Nilu mai tafiya da iska, faluka, yana da daɗi gab da magariba, amma da yaro ɗan shekara huɗu sai kin ga rigar kariya da idonki kafin ku shiga.

Batun shawo kan maigida, kada ki tayar da maganar a gaban Hajiya ko yara. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki karanta masa wannan shafi, ki ce masa shi zai zaɓi shagon da za a ci, in bai gamsu da tsaftar wuri ba a wuce ba musu. Namiji in aka bar masa zaɓi ya fi saurin yarda. Idan kuma kun isa, ya nemi ɗalibanmu na Azhar, suna da yawa, kuma ba su ƙin rakiyar baƙo daga gida. Su suka san shagon da ya dace a kowace unguwa. Ki riƙe musu ɗan yaji da ƙuliƙuli daga cikin kayan nan naki, za su yi murna ba kaɗan ba.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa. Da gaske ne ana ganin gawar Fir'auna a Masar? Mahaifina yana son in kai shi bayan Umara.
Ɗanki daga Daura

AMSA: Ina amsawa ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaishe da Baba. Da gaske ne ana ganin gawarwakin sarakunan Masar na dā. A watan Afrilun 2021 aka kwashe 22 daga cikinsu daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, can za ku same su a wani zaure na ƙasa mai duhu, ba a yarda da ɗaukar hoto ba. Fir'auna sarauta ce, sarakuna da yawa sun riƙe ta. Masu rakiya za su nuna muku Ramsis na Biyu su ce shi ne na Annabi Musa, wasu masana kuma sun fi karkata ga ɗansa Marnabta, shi ma yana cikin zauren. Ka karanta wa Baba aya ta 92 ta Suratu Yunus kafin ku shiga. Idan kun fito, masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, yana nan kusa a Fusɗaɗ ɗin, sai ku yi azahar a can. Ka tambayi keken tura marasa ƙarfi tun daga ƙofa idan ƙafar Baba ba ta jure tsayuwa.