Tambayoyin Masu Karatu: An tura ni aiki Damagaram, ina tsoron 'yan pale

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ungozoma ce a Tawa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Damagaram, kuma da yarana biyu zan tare, maigidana sai dai ya riƙa leƙo mu. Tun da takarda ta fito mahaifiyata ba ta barci. Duk wanda ya zo yi mini murna sai ya kawo zancen 'yan pale, wai da rana tsaka suke sarar mutane. Ga shi aikina akwai kwanan asibiti. Baba, kai ɗan gari ne, garin yana zaunuwa kuwa? A wace unguwa zan nemi haya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sa canjin ya zama alheri. Ki gaya wa mahaifiyarki ta kwantar da hankalinta, garin yana zaunuwa. A Birni aka yanke mini cibiya, a garin nan na koyar da yara har ƙarfi ya ƙare, 'ya'yana mata kuma da ƙafa suka yi ta zuwa makaranta har suka gama. Sai dai ba zan ce miki babu komai ba, don ke uwa ce, gara ki zo da idonki buɗe.

'Yan pale ba ƙage ba ne. Ƙungiyoyin samari ne, kowace da sunanta da shugabanta da rumfarta, inda suke ɗaga ƙarfe, wasu kuma suna haɗawa da tramol. Akwai lokacin da suka addabe mu, musamman kafin 2015. Faɗa yakan tashi a wajen biki ko filin ƙwallo, galibi a kan yarinya, kafin ka ankara an zaro adda da wuƙa. Amma ki lura, mafi yawan jinin da aka zubar a tsakaninsu aka zubar, wannan rumfa da waccan. Ranar da garin ya girgiza baki ɗaya ita ce Juma'a 16 ga Janairun 2015, da zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Har gobe da wannan ranar ake auna mu a wasu garuruwa. Daga baya samarin da yawa sun watse: wasu sun bi zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014, wasu sun hau kabu-kabu, wasu gadin shaguna suke yi yanzu, sun yi aure sun haifi 'ya'ya. Kuma kada ki ga taron samari a ƙofar gida sun ɗora shayi suna buga karta ki ce 'yan pale ne. Wannan fada ce, babu layin da ba ta, kuma sau da yawa zamansu har tsakar dare shi ke hana ɓarawo shiga layin.

Abin da zai iya samunki a zahiri ƙaramar sata ce, ita ce kuwa ta yi yawa. Wata 'yar maƙwabtanmu an aike ta sayo maganin sauro bayan magariba, tana tafe a bakin titi waya a kunne. Mutum biyu a kan babur suka rage gudu kamar masu tambayar hanya, na baya ya miƙa hannu, shi ke nan. Ta dawo gida tana riƙe da kunnenta, ɗan kunne ya tsage mata fata, ko fuskarsu ba ta gani ba. Irin wannan, da satar babur a ƙofar masallaci ko asibiti, da yankan aljihu a Kasuwar Dole ranar Alhamis, da haurawa katanga lokacin bazara sa'ad da kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya bar ɗaki a buɗe, da satar rago in Layya ta gabato, su ne laifuffukan garin nan na yau da kullum. Da yawansu ma ba sa kaiwa komisariya, a gaban mai unguwa ake kashe maganar, saboda wanda ya yi da wanda aka yi wa duk an san iyayensu. Shi ya sa labarin unguwa a bakin mai shayi da liman za ki same shi.

Dalilin satar ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun haura dubu 200, tun daga nan kuma gidaje sai ƙara cin gonaki suke yi, aiki kuwa bai ƙaru haka ba. Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 samarinmu sun sa rai sosai, amma matata ba ta ɗaukar gari guda. Abin da ya riƙe dubbai shi ne ruwa-ruwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, riba ta tafi. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can, sai a 2024 aka maido. Yaron da ya saba kawo kuɗin cefane ya wayi gari hannu wofi, ga tituna baƙi ƙirin. Ba ina wanke ɓarawo ba ne, amma raina yana ɓaci idan na ji ana zancen yaran nan kamar ba haifarsu aka yi ba. Da yawansu sun zauna a ajina.

Haka ma Kara-Kara. Za a ce miki ko kallonta kada ki yi. Unguwa ce da tun asali aka ware wa kutare da makafi a gefen gari, aka bar ta babu kula shekara da shekaru, sannan aka dawo ana mamakin abin da ya tsiro. Akwai ɓata-gari a cikinta, akwai kuma masu fasa dutse da ke fita tun asuba, da matan da za su zo haihuwa hannunki. Ba na ba ki shawarar haya a can tunda baƙuwa ce ke, amma kada ki tarbe su da tsoro a fuska.

Maganar haya, kafin sunan unguwa ki fara tambayar ruwa. Garinmu a kan dutse yake, ƙarancin ruwa tsohon ciwonmu ne, kuma akwai unguwannin da famfo ba ya kawowa sai cikin dare. Gidan da zai sa ki tura yarinya da jarka ƙarfe uku na dare, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Ki nemi kusa da wurin aikinki, layin da ke da mutane da shago mai kai dare, gida mai maƙwabta a ciki ya fi wanda ke tsaye shi kaɗai a sabbin filaye. Da kin sauke kaya ki sa abokiyar aiki ta raka ki gaida mai unguwa da matan layi, da ɗan gari kan ci gari. Ki kama ɗan kabu-kabu guda wanda ma'aikatan asibitin suka sani, ki riƙe lambarsa don ranar kwana. Waya ta zauna a jaka in kina kan titi. In wani abu ya taso, lambar 'yan sanda 17 ce.

Batun 'yan bindiga kuwa, abin da ake ji a Diffa tun 2015, da satar mutane a ƙauyukan iyakar Maraɗi, ba shi ne halin cikin garin Damagaram ba. Ki biyo motar safe ta Konni da Maraɗi da Tasawa, ki bar tafiyar dare. Allah ya kawo ku lafiya.

Tambaya: Baba, mu samarin wani layi ne a Garin Malam. An sace mana babur biyu cikin wata guda, mun yanke shawarar yin sintiri. Dattawa sun ce in mun kama ɓarawo kada mu taɓa shi. To mene ne amfanin?

Amsa: 'Ya'yana, dattawanku sun yi gaskiya. Na taɓa ganin an yi wa yaro ihun ɓarawo a bakin tasha, aka fasa masa kai da bulo, daga baya aka gane kuɗin motarsa yake nema a ƙasa. Wanda ya kashe a cikin taro, taron ba zai tsaya masa gaban alƙali ba. Ku yi sintirinku, amma ku fara rubuta sunayenku ku kai wa mai unguwa, shi ya sanar da komisariya. Fitila da usur sun ishe ku, adda ta zauna gida, wanda ke shan ƙwaya kuma kada ya shiga cikinku ko da shi ya fi kowa ƙarfi. Wanda kuka kama ku zaunar da shi ku kira 17. Masu baburan kuma su kai takardunsu da lambar inji komisariya tun yau, don in an kama babur a hanyar Magarya ko Matamai da wannan lambar za a gane mai shi.