Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Littafi Za A Saya Don Shirin JAMB?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina ajin ƙarshe na sakandare, burina in karanta injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU). Na shiga kasuwar Wunti neman littattafan shirin JAMB, na tarar da su tuli, kowane mai shago yana cewa nasa ne ke kawo maki 300. Kuɗin hannuna bai wuce na littafi uku ko huɗu ba. Da wanne zan fara? Daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin abin da za ka fara nema ba na sayarwa ba ne. Hukumar JAMB tana da silabus na kowane darasi a shafinta na intanet, a sashen da ake kira IBASS, kuma kyauta ne. A nan za ka ga darussan da kwas ɗinka ke buƙata. Ga injiniya, su ne Turanci, Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Sauke silabus huɗun, ka je shagon kwamfuta a buga maka su a takarda. Kowanne yana jera batutuwan da za a yi tambaya a kansu, a gefe kuma an rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya yi a kowane batu, sannan a ƙarshe akwai sunayen littattafan da hukumar ta amince da su. Da wannan takarda a hannu za ka koma kasuwa.

Abin da ke kan teburin mai shago iri uku ne, ko da bangonsu ya kai kala ɗari. Akwai babban littafin darasi, wanda ke koyar da abu tun daga tushe. Akwai tarin tambayoyin shekarun baya. Akwai kuma 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa, waɗanda ɗalibai suka fi rububinsu saboda araha da rashin nauyi. Na ukun nan shi ne ya fi cutar da yara. Amfaninsa tuna wa mutum abin da ya riga ya sani, a makonni biyun ƙarshe. Wanda bai taɓa fahimtar dokar Ohm ba, ganin V = IR a cikin akwati ba zai koya masa ita ba, kuma da zarar an juya tambayar, an haɗa masa resisto biyu a jere da ɗaya a gefe, sai ya tsaya cak.

Saboda haka, raba kuɗinka haka: babban littafi a darussan biyu da ka fi rauni, sai tarin tambayoyin baya. Sauran ka ara a ɗakin karatun makaranta ko wurin aboki. A Kimistiri littafin Ababio, a Fiziks na Anyakoha, a Lissafi kuwa New General Mathematics, duk an daɗe ana koyarwa da su a sakandarenmu kuma sun isa. Na Lissafin ka tuna kashi uku ne, daga SS1 zuwa SS3, kuma JAMB tana ɗebo tambaya daga dukansu.

Kafin ka biya, tsaya a shagon ka yi minti goma kana gwada littafin. Zaɓi batu uku daga silabus ka nemo su. In biyu babu, ajiye shi. Sannan buɗe wurin misalai ka ga yadda ake warware lissafi. Ga abin da muke nufi: an narkar da giram 4 na NaOH aka yi ruwa mai 250cm³, ana neman ƙarfinsa, wato mol nawa ke cikin kowane dm³. Littafin kirki zai nuna maka cewa nauyin mol ɗaya giram 40 ne, don haka kana da mol 0.1, ya mayar da 250cm³ zuwa 0.25dm³, ya raba, ya sami 0.4. Na banza zai rubuta harafin amsar kawai, misali "C", ya wuce. A wurin mayar da cm³ zuwa dm³ ɗin nan ne ɗalibai suka fi zamewa, kuma littafin da bai nuna matakin ba ya bar ka da kuskurenka.

Ka kuma lura da bugun jabu. Takardarsa ta fi duhu, zane-zanen sun dushe, ƙananan lambobin da ke ƙasan haruffa ko samansu sukan ɓace. A Kimistiri da Lissafi wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, tunda x² da ya koma x2 wata tambaya ce dabam. Bi lambobin shafi da yatsa, sau da yawa akan tsallake shafi goma sha shida a lokaci guda wajen ɗinki.

Tambaya: 'Yata tana son karatun likita. Yayanta ya bar littattafansa na WAEC da na JAMB tun shekara biyar da suka wuce. Dole ne sai na sayi sababbi? Daga wata uwa a Azare.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da ɗawainiya. Ba duka za ki sake ba. Darussanta su ne Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, kuma ukun ƙarshe ba sa tsufa a shekara biyar. In shafukan sun cika, ta riƙe na yayanta. Inda tsohon littafi ke yaudarar ɗalibi shi ne darussa irin su Gwamnati da Tattalin Arziki, da kuma Adabin Turanci, Hausa da Larabci, waɗanda ake sauya littattafan da aka wajabta karantawa bayan 'yan shekaru. Har yau akan ci karo da littafin gado da ke cewa jihohin Najeriya 30 ne, alhali tun 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi, suka zama 36.

Turanci ne za ki kashe wa kuɗi. Da farko, akwai littafin labari da JAMB ke wajabtawa, ana kuma yin tambayoyi a kansa. Ana sauya shi, kuma a wurin rajista ake ba ɗalibi nasa, don haka na yayanta ba lallai ya yi mata aiki ba. Ta karanta shi da kanta sau biyu, kada ta dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a waya, domin tambayoyin sukan shiga ƙananan bayanai: wa ya faɗi kaza, a ina, ga wa. Na biyu, littafin WAEC yana ɓata rabin shafukansa kan rubuta wasiƙa da insha'i, JAMB kuwa ba a rubuta ko jimla ɗaya, zaɓi ne tsakanin A, B, C da D. Abin da take buƙata littafi ne mai yawan atisaye kan fahimtar nassi, cike gurbi, kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi, da sashen furuci.

Sashen furucin nan mun fi jin tsoronsa ga yaranmu. Bakin Bahaushe ba ya raba "p" da "f" yadda Turanci ke raba su, kuma ba mu da sautin "th". Sai a tambayi yarinya kalmar da ke da sauti irin na wata, ta furta a ranta da lafazin gida, ta zaɓi kuskure tana da yaƙinin daidai ne. A nemo mata littafin da ke da alamomin sauti, da ƙamus na waya mai furta kalma a ji, ta riƙa saurarar kalma ashirin kullum.

Tambaya: Ina da tarin tambayoyin baya guda biyu daga kamfanoni daban-daban, amma amsoshinsu suna saɓawa. Wa zan bi? Kuma manhajar waya ta isa? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: 'Yata, kada ki bi ko ɗaya ido rufe. Amsoshin nan ba JAMB ta rubuta su ba, masu buga littafin ne suka sa aka warware. Ƙari a kan haka, tun 2015 da jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya ba mai fitowa da takardar tambayoyi, don haka yawancin abin da ake bugawa na shekarun nan daga abin da ɗalibai suka iya tunawa aka tattaro shi, wani lokaci da lamba a karkace. Duk inda suka saɓa, koma babban littafi ki warware da kanki. In ya gagara, ki tara su ki kai wa malamin darasin a ƙarshen mako. Ki buɗe littafin rubutu na kurakurai kaɗai, ki riƙa sa tambayar, amsar da kika zaɓa, da dalilin da ya sa ba ita ba ce.

Ki fara da wanda ya jera tambayoyi batu-batu, ta yadda in kin gama karanta babi sai ki yi tambayoyinsa nan take. Mai jeri shekara-shekara ki bar shi sai saura mako shida.

Manhaja kuwa aikinta koya miki gudu. Tambaya 180 ce a awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Zaɓi manhajar da ke aiki ba tare da data ba, mai agogo, mai kalkuleta a kan allo irin wadda za ki tarar a ɗakin jarrabawa, tunda ba a shiga da ta hannu. Amma latsa waya da yatsa dabam yake da zama gaban kwamfuta. Ki je cibiyar CBT, inda ake jarrabawa da kwamfuta, ko sau uku ne, ki saba da maɓallan N na ci gaba, P na komawa baya da S na miƙa aiki, kuma ki nemi jarrabawar gwaji ta JAMB tun lokacin rajista.

Tambaya: Wani a WhatsApp ya ce yana da ainihin tambayoyin bana, in turo kuɗi. Daga wani ɗalibi a Misau.

Amsa: Damfara ce, ɗana. Ana yin jarrabawar ne kwanaki da yawa, rukuni-rukuni, kuma tambayoyin wani rukuni ba su ne na wani ba. Kada ka tura masa kuɗi, kada kuma ka ba shi lambar NIN ɗinka ko lambar furofayil da JAMB ta ba ka, domin da su za a iya taɓa rajistarka. Toshe lambarsa, ka sanar da malaminku don ya gargaɗi sauran 'yan ajin.