Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa mai noman abinci ke kwana da yunwa?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan mako, duka a kan talauci da tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi.

Tambaya: Mu ke noma abin da ƙasa ke ci, amma duk ƙididdigar da aka fitar sai a ce Arewa ce kan gaba a talauci. Lalaci ne ya yi mana yawa, ko alƙaluman ne ba gaskiya ba? (Mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Malam, wanda ke fita gona daga sallar asuba har azahar ba a kiransa malalaci. Alƙaluman kuma suna da tushe. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke fama da talauci ta fuskoki da yawa, wato kashi 63 cikin ɗari, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo kuma 27. Wannan awo ya wuce kuɗin aljihu. Ana duba ko yara na zuwa makaranta, nisan asibiti, ruwan sha, ban-ɗaki, har da makamashin girki.

Asalin ciwon yana cikin kalandar manomi. Da kaka kowa ya girbe a lokaci guda, kowa kuma na da buƙata a lokaci guda: bashin taki, kuɗin makaranta, aurar da 'ya, gyaran ɗakin da damina ta rusa. Hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Mai jari ya saye ya zuba a sito. Wata shida ko bakwai bayan haka, ruwa ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, sai ga manomin nan ya dawo kasuwa da kwanon awo yana sayen tiya ɗaya-ɗaya na irin masarar da ya sayar da buhu, da tsada. Idan babu kuɗi sai ya ci bashi a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani a daidai makonnin da tasa ke neman noman fari. Ciyawa ta cinye, amfani ya ragu, shekara ta gaba ya shiga da rami mafi zurfi. Ribar hatsin ba ta ɓace ba, tana hannun wanda ya iya jira.

A kan wannan sai a ɗora rabon gado: gonar da ta riƙe gandu guda a zamanin kakanni yau an yanka ta gida takwas. Sai rashin tsaro a Zamfara, Katsina da Borno, inda gonaki masu nisa da gari suka koma saura. Akwai kuma tarihi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dalar da duniya ta sani, amma hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna riƙe rarar. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya sa shigo da kaya daga waje ya fi arha. Wannan illa ta kuɗin mai ita masana ke kira ciwon Holan. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya, manomin auduga ya rasa mai saye, ɗansa ya rasa wurin aiki.

Tambaya: Tun muna yara ake haƙar yuraniyom a ƙasarmu, ana haska Turai da shi, mu kuwa muna cikin duhu. Yaya ƙasa mai arziki a ƙarƙashin ƙasa ke zama matalauciya? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Abin da ke samun manomi da kaka shi ke samun ƙasa a kasuwar duniya. An fara haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar a 1971, amma ɗanye ake fitar da shi, ana sarrafa shi a waje, kuma a wurin sarrafawa riba da ayyukan yi suke. Ma'adini irin wannan na'ura yake buƙata fiye da mutane, shi ya sa bai taɓa rayuwar manomin gero a Tasawa ba. Haka koko: Gana da Kwaddibuwa na samar da fiye da rabin na duniya, amma rabon manomi a kuɗin cakulan bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali sun kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta na auduga yana karya farashi.

Duk da haka ba za mu jibga wa waje laifin duka ba. Botswana ta gano lu'ulu'u a 1967, ta riƙe rabin kamfanin haƙar, ta zuba kuɗin a makarantu, asibitoci da hanyoyi. Koriya ta Kudu ba ta da fetur, amma ta raba wa manoma filaye a 1950, ta sa yara makaranta, sannan ta shiga ƙere-ƙere. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da inda kuɗin ya shiga bayan ya iso baitulmali, su ne abin bincike.

Tambaya: Mu ƙungiyar manoma ce, mutum arba'in. Akwai abin da za mu yi da kanmu mu daina sayar da hatsi da arha? (Wata shugabar ƙungiya daga Ɗambatta)

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma maƙwabtanmu a Nijar sun daɗe suna yi, suna kiransa warantaj. Kowane mamba ya kawo buhunansa da kaka, a auna, a rubuta sunansa a jiki da cikin littafi. A zuba a sito mai makulli biyu, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Shi kuma ya ba da rancen da bai kai darajar hatsin a farashin kaka ba, yawanci kashi 70 zuwa 80. Da kuɗin ake biyan buƙata, a yi kiwo ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe sito, mai sayarwa ya sayar, mai ci ya kai gida. Ku nemi bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa ku ji tsarin da yake da shi.

Wurare uku abin ke lalacewa. Na farko laima: hatsin da bai bushe ba zai yi fumfuna. Ku zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a kwalba mai tsabta, ku rufe ku girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Na biyu ƙwari, musamman a wake. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe su ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba, amma sai an matse iskar an ɗaure kowace leda daban, an ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, domin huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. Na uku farashi, don ba kowace shekara yake tashi ba. Bayan gwamnatin Najeriya ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi na kwana 150 a 2024, farashin masara ya sauka a 2025, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Saboda haka kada kowa ya sa duk abin da ya noma, kuma a bazara ku sayar kashi-kashi maimakon jiran rana guda.