Amsa ga ɗan'uwan da ke Texas: 9mm ko AR-15?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana zaune a Texas, kana tunanin ajiye doguwar bindiga mai cin harsashin fistol 9mm, ko kuma doguwar bindigar AR-15 mai cin harsashin 5.56, don tsaron gida.

Ni dai a cikin gida 9mm zan ɗauka. Ƙarar 5.56 a ɗaki rufaffe ba ta da daɗi ko kaɗan, kunne sai ya daɗe yana ƙugi. Harsashin 9mm ya fi araha, ga shi dogayen bindigogin 9mm irin su Ruger PC Carbine suna karɓar gidan harsashin fistol ƙirar Glock, in kana da ita.

Amma kada a yaudare ka cewa 9mm ba ya huda bango. Bangon gidajen Amurka ba na bulo ba ne irin namu, allo ne marar kauri, kuma harsashin 5.56 mai sauƙi ya kan farfashe a ciki fiye da 9mm. In gona kake, nesa ta shigo, AR-15 ta fi.

Kula da doka: doguwar bindiga mai bututu ƙasa da inci 16 sai da rajistar gwamnatin tarayya. Kuma ka sayi akwati mai makulli tun da akwai yara.