Za mu Sifaniya kuma ba ma cin nama: me za mu ci a Madrid da Valencia?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da ƙanwata muna shirin zuwa Sifaniya hutun kwana 5, kwana 3 a Madrid, 2 a Valencia. Ni na daina cin nama da kifi, amma ina cin ƙwai, ina shan madara. Ita kuwa duk abin da ya fito daga jikin dabba ba ta taɓawa, har ƙwai da nono da zuma. An ce mana can ko'ina ƙafar alade ce a rataye. Za mu samu abin ci kuwa, ko mu ɗaure gari da ƙuli-ƙuli a jaka? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki bar garinki a gida, ba za ku kwana da yunwa ba. Wanda ya ba ku labarin ƙafar alade dai bai yi ƙarya ba. Suna kiranta jamón, ana furta shi "hamon", cinya ce da aka cuɗe da gishiri aka shanya watanni, kuma za ku gan ta reras a saman kanta a wuraren cin abinci da yawa. Sai dai wadda take rataye ba ita ce abin tsoro ba, tunda ido na ganinta. Wadda za ta ba ku wahala ita ce wadda aka yanka ƙanana aka barbaɗa a cikin abincin ganye.

Ga yadda abin yake. Idan kika ce wa mai kawo abinci ba ki cin nama, shi a ransa tsokar sa ko ta kaza kike nufi. 'Yan gutsattsarin jamón a wurinsa kayan ɗanɗano ne, haka ma kifin gwangwani na tuna, wanda suke cewa atún. Shi ya sa za ki ga an rubuta bocadillo vegetal, ki ɗauka burodi ne da ganye zalla, a kawo miki shi da tuna da dafaffen ƙwai. Haɗin salak ɗin da suke kira ensalada mixta shi ma da tuna yake zuwa. Koren wake, ko ɗanyen wake da aka soya sama-sama, sau da yawa da jamón a ciki ko da takardar abinci ba ta faɗa ba. Saboda haka kada ki tsaya a kan "soy vegetariana" kawai, wato ni ba na cin nama. Ki lissafa masa da suna: "sin carne, sin jamón, sin pescado, sin atún", ma'ana ban da nama, ban da jamón, ban da kifi, ban da tuna. Ƙanwarki ta ce "soy vegana", wato ba na cin komai na dabba, ta ƙara da "sin huevo, sin leche, sin queso", wato ban da ƙwai da madara da cuku. Ku rubuta wannan a waya ku riƙa nunawa, ya fi a tsaya ana kokawa da lafazi a wurin da hayaniya ta cika.

Tarko na biyu shi ne romo. Miyar ƙananan waken da suke kira lentejas kusan kullum da chorizo ake dafa ta, tsiren alade ne da aka ɗura a hanji. Shahararriyar tukunyar Madrid, cocido madrileño, ko da kin ga wake da kabeji a faranti, da ƙashi da kitsen alade aka dafa su, ku wuce ta kawai. Tambayar da za ta cece ku ita ce "¿el caldo es de verduras?", kina tambaya ko romon na kayan lambu ne. A wurin kayan fulawa kuma kalmar da za ku kiyaye ita ce manteca, kitsen alade. Da shi ake yin ensaimada da polvorones da mantecados. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, ciki har da ƙwai da madara da kifi, don haka ƙanwarki za ta amfana da 'yan alamomin da wurare da yawa ke sawa a gefen sunan abinci. Amma nama ba ya cikin 14 ɗin nan. Shi sai an buɗe baki an tambaya.

To me za ku ci? Da safe ku nemi tostada con tomate: gasasshen burodi, a zuba masa gurzajjen tumatir da man zaitun da ɗan gishiri. Ana samunsa a kowane lungu, yana da araha, kuma ku biyun duka ya halatta muku. Shagunan kofi da yawa a manyan birane yanzu suna ajiye madarar waken suya ko ta hatsin oat. Churros kuma fulawa ce da ruwa da gishiri a soya a mai, sai dai cakulan da ake tsoma shi a ciki da madara ake yi. Ke za ki iya zuwa San Ginés, tsohon shagon da ke Madrid tun 1894, ki sha abinki, ita ta barbaɗa sukari.

Abincin da na fi so in tura mutane gare shi shi ne na talakawan ƙauye, wanda tun asali ba a sa masa nama saboda babu halin saya. Akwai pisto, tumatir da tattasai da albasa da wata irin kabewa a soya su a man zaitun har su narke. Yawanci ana ɗora masa soyayyen ƙwai, sai ƙanwarki ta ce a cire. Akwai espinacas con garbanzos, abincin mutanen Sevilla da ake samu a Madrid ma: alayyafo da wani wake mai kama da gurjiya, da tafarnuwa da kayan ƙamshi. Wannan yana riƙe ciki sosai. Akwai pimientos de Padrón, ƙananan koren tattasai da ake soyawa a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, yawancinsu ba yaji, amma jefi-jefi ɗaya kan zo da zafi. Idan lokacin zafi ne ku sha gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ba a ɗora ta a wuta. 'Yar uwarta salmorejo ta fi kauri da daɗi a ganina, amma ana yi mata ado da jamón da ƙwai a sama, sai an ce kada a sa. Ke kuma kina da tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa mai kauri, wadda ita kaɗai ta isa abincin rana. Soyayyen dankalin da suke kira patatas bravas yana buƙatar tambaya: a Madrid wasu da romon nama suke haɗa jan miyarsa, a Valencia kuma sukan haɗa shi da farin miyar tafarnuwa mai ƙwai.

Ranar da kuka gaji da tambaya, a Madrid ku nufi unguwar Lavapiés, inda gidajen abincin Indiyawa da 'yan Bangladesh suka yi layi, ko Malasaña, inda ake da wuraren da ba sa dafa komai na dabba. A Valencia unguwar Russafa ce mai irin wannan. Manhajar HappyCow tana nuna su a taswira.

Valencia ita ce gidan paella, shinkafar da ake dafawa a faffaɗan kasko. Ta asali da kaza da zomo ake yi, don haka ku nemi paella de verduras, ku kuma yi tambayar romon nan. Abincin rana ce a wurinsu, kuma wurare da yawa ba sa ɗora ta sai don mutum 2 zuwa sama, wanda ya yi muku daidai. Ku kula da esgarraet: a ido gasasshen jan tattasai ne a cikin man zaitun, amma fararen zaren da ke ciki busasshen kifi ne.

Abin da zai ba ku dariya a garin shi ne horchata. Za a kawo muku shi a dogon kofi da sanyi ana ta yabo, ki kurɓa ki ji kunun aya ne. Aya da ruwa da sukari, shi ke nan, babu dabino babu kwakwa. A gonakin Alboraya da ke arewa da birnin ake noma ayar, suna kiranta chufa, kuma da yake ta gida ba ta isar su, suna sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ƙanwarki ta sha iya cikinta, amma ta tambaya kafin ta ci dogon burodin fartons da ake tsomawa, domin galibi akwai ƙwai a ciki.

Sai maganar lokaci, wadda ta kan kama baƙi fiye da maganar nama. Abincin rana daga ƙarfe 2 ne zuwa 4, na dare kuma ba ya kankama sai wajen ƙarfe 9. Tsakanin nan gidajen abinci da yawa sukan rufe kicin. A ranakun aiki ana yin menú del día, abinci kala biyu da kayan zaƙi a farashi ɗaya mai sauƙi. Kala na biyu yawanci nama ne ko kifi, amma wurare da yawa za su yarda ku ɗauki biyu daga jerin farko idan kun roƙa. Ku kuma riƙa ajiye 'ya'yan itace da gyaɗa da burodi a ɗaki. Babbar kasuwar Valencia, Mercado Central, tana ci daga safe zuwa ƙarfe 3 na rana, ba ta buɗewa ranar Lahadi, kuma yawancin manyan kantunan kayan abinci na Mercadona ma a rufe suke ranar, don haka sayayyar Lahadi ku yi ta tun Asabar.