Harshen saniya ne ko nonon kurciya?

Tambaya: Malam, wasu tsirrai masu jan kara sun shimfiɗe a lambuna kamar tabarma. Ina so in bar harshen saniya ya rufe mini ƙasa, amma an ce akwai nonon kurciya a ciki. Yaya zan bambanta su?

Amsa: Malama, kada ki dogara da launin kara, domin dukansu suna yin ja idan rana ta buge su. Ki tsinke reshe ɗaya ki dubi wurin da ya karye. Idan farin ruwa mai kama da madara ya ɓullo, nonon kurciya ne, dangin Euphorbia, kuma daga wannan ruwan sunan ya samo asali. Ruwan harshen saniya, wato Portulaca oleracea, garau yake, ba shi da launi. Ki wanke hannu bayan gwajin, don farin ruwan yana sa ƙaiƙayi, kuma yana da zafi ƙwarai idan ya shiga ido.

Ko ba ki tsinke ba, yatsu za su gaya miki. Ganyen harshen saniya kauri gare shi, cike da ruwa, sumul, karansa ma haka. Furensa rawaya ne mai kunnuwa 5, yana buɗewa da hantsi na 'yan sa'o'i kawai. Nonon kurciya kuwa karansa siriri ne mai gashi, ganyensa ba kauri, biyu-biyu suna fuskantar juna, sau da yawa da ɗigon ja-ja a tsakiya.

Akwai na uku da ba ki ambata ba, kuma shi ya fi ruɗa mutane: gadon maciji, Trianthema portulacastrum. Shi ma ba shi da farin ruwa, don haka gwajin tsinkewa ba zai tona shi ba. Ki dubi ganye biyun da ke gaɓa ɗaya: ɗaya babba, ɗaya ƙarami. Furensa fari ne ko ruwan hoda, a maƙale a gindin ganye.

Ni dai ina goyon bayan barin harshen saniya, yana jure fari yana kuma kare ƙasa daga zafin rana. Sai dai ki sa masa iyaka. Reshen da aka yar a kan danshi yakan sake yin saiwa, kuma ko an tuge shi yana iya nunar da irinsa, don haka abin da kika cire ki kwashe shi daga kan kunya gaba ɗaya.