Kisa ko sumarwa a wasan Dishonored: wace kibiya ya kamata in ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Dishonored na farko a kwamfuta, yanzu zan shiga mataki na uku. Bakan da aka ba ni yana da kibiyar kisa da kibiyar barci, na rasa wadda zan riƙe. A ƙarshen mataki na biyu allo ya nuna mini High Chaos. Na sake buga matakin ban soki kowa ba, amma aka rubuta wai na kashe mutum ɗaya. Wace hanya ta fi, kuma wa na kashe ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawararmu ita ce ka mai da sumarwa hanyarka ta yau da kullum, ka bar takobi sai ranar da aka rutsa da kai. Amma kada ka ɗora wa kanka cewa sai ka gama wasan ba ka kashe ko mutum ɗaya ba a wannan bugun na farko. Wancan aiki ne na wanda ya riga ya san lungunan birnin Dunwall.

Kamfanin Arkane ne ya ƙera wasan, wanda ya fito a 2012, kuma ya ɗora labarin Corvo Attano, jarumin da kake bugawa da shi, a kan wani ma'auni da ake kira Chaos, mai auna yawan hargitsin da ka bari a bayanka. Abin da ya fi ɗaga shi yawan rayukan da ka ɗauka. Idan waɗanda ka kashe ba su kai kashi 20 cikin ɗari na mutanen da ke wurin ba, kana ƙasa. Wato a unguwar da ke da mutum hamsin, kisan biyar ko shida ba zai jefa ka sama ba. Lissafin kuma yana taruwa ne daga mataki zuwa mataki. Matakan tara ne, kai biyu kawai ka wuce, don haka idan ka tsare hannunka a biyu ko uku masu zuwa, allon zai iya komawa Low Chaos.

Wannan ma'auni ba ado ba ne. Idan ya hau, garken ɓeraye suna ƙaruwa, masu ɗauke da annobar nan da ake kira Weepers suna yawaita, ana kuma ƙara masu gadi. Mutanen da kuke zaune tare a mashayar Hound Pits suna sauya maka fuska, zanen da yarinya Emily take yi yana munana, mataki na ƙarshe ma yanayinsa daban ne, ƙarshen labarin kuma uku ne. To ka ga mai yawan kisa shi ne yake ƙara wa kansa abokan faɗa a gaba. Ga wanda faɗan yake so, wannan riba ce, kuma gaskiya mafi yawan kayan da Piero, mai ƙera maka makamai, ke sayarwa, bindiga da gurneti da tarkon waya mai yanka, don kisa aka yi su. Wanda ya zaɓi sumarwa kayansa kaɗan ne, sai ya iya tattalinsu.

Kayan biyu ne rak: shaƙewa da kibiyar barci.

Shaƙewa ba ta cin ko sisi. Ka duƙa, ka lallaɓa bayan mutum, ka danne maɓallin Ctrl kada ka saki har ya sulale. Tana ɗaukar 'yan daƙiƙu, kuma a cikinsu kana tsaye a fili, don haka ka tabbata babu wani mai gadi da zai juyo. Akwai layar ƙashi mai suna Strong Arms da ke rage wannan lokaci sosai; idan ka tsince ta, kada ka cire ta. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne na yatsa. Takobin Corvo kullum yana hannun dama, idan ka danna maɓallin hagu na linzami kana bayan mutum, suka ce, ba shaƙa ba. Haka idan ka diro masa daga sama ka danna. A wannan wasa na farko babu dirowar da ke sumarwa, sai a Dishonored 2 na 2016 aka ƙara ta.

Kibiyar barci ita ce mai ruwan kore a jikinta. Goma kawai za ka iya ɗauka, kuma ƙarin mazubin kibiya da Piero ke sayarwa bai shafe ta ba, goman nan ce har ƙarshe. Kowace ɗaya sulalla 30 ce. Saboda haka kada ka ɓata ta a kan mai gadin da ya ba ka baya shi kaɗai, wannan na shaƙa ne. Ajiye ta don mutum biyu da ke tsaye suna hira: ka harbi na nesa, ka shaƙe na kusa. Ko don wanda ya jingina da bango babu hanyar zagaya shi. Ba sai ka nemi kai ba, ko a ƙafa ta same shi ta yi aiki. Wanda bai ankara da kai ba nan take yake faɗuwa, amma wanda ya riga ya zare takobi sai ya yi 'yan daƙiƙu yana kai maka sara kafin maganin ya kama shi. Maganin wannan shi ne gyaran Combat Sleep Dart a shagon Piero, kuma shi ne abu na farko da muke so ka tara wa kuɗi. Ka kuma ba kibiyar barci lambarta daban a allon maɓallai, nesa da lambar kibiyar kisa da ta wuta, domin duka ukun baka ɗaya ke harba su, cikin gaggawa kuma ido ba ya tantancewa.

Yanzu ga mutumin da ka kashe ba ka sani ba. Wasan yana ɗora maka alhakin duk wanda ka sumar har ka bar matakin. Wanda ka sumar ba ya farkawa da kansa, yana nan yana minshari inda ka yar da shi, kuma duk abin da ya same shi a wurin, kai ne. A mataki na biyu, kusan kullum ɓeraye ne. Titunan da ke kewayen kamfanin giyar 'yan Bottle Street da magudanan ruwa cike suke da su, kuma garke ɗaya yana cinye sumamme cikin ɗan lokaci, ko da ka yi nisa. Kada ka taɓa barin mutum a ƙasa. Ɗora shi a kan tebur, gado, rumfa, baranda, ko ka saka shi cikin babban kwandon shara mai murfi. Ɓera ba ya hawa waɗannan.

Bayan ɓeraye, abu na biyu ruwa ne. Sumamme da ya faɗa ruwa ya mutu, babu ceto. Na uku tsayi: idan ka harbi mai gadi yana bakin rufi ko kan gada, ya kife ya faɗo, kisa ne. Jira ya matsa daga gefe. Haka idan kana ɗauke da mutum a kafaɗa, sauke shi a hankali, kada ka wurga shi, domin jifa a kan matakala ko daga tudu tana iya kashe shi, wani lokaci kuma gangar jikin tana zamewa daga inda ka ajiye ta bayan ka tafi. Idan kana kokwanto, kunna sihirin gani na Dark Vision ko ka matsa kusa ka duba, wasan yana rubuta ko sumamme ne ko gawa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, wato na'urorin tsaro. Katangar lantarkin nan da ke tare titi, da turakun da ke harba wuta, ana iya juya su da na'urar sauya waya su koma kan masu gadi. Duk wanda suka ƙone, a littafinka za a rubuta. Idan hanya kake nema, bi wayar har inda tankin mai yake, ka zare shi, na'urar ta mutu. Ka ajiye tankin a hankali, domin yana fashewa idan aka jefar.

Ka kuma sani Weepers mutane ne marasa lafiya, kashe su kisa ne cikakke. Karnuka, ɓeraye, kifaye da halittun nan masu tofi da ke manne a bakin kogi ba sa cikin lissafi. Masu gadin da ke tafiya a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, Tallboys, ba sa shaƙuwa, kibiyar barci ba ta kama su. Sai dai ka bi ta kan rufi ka kauce musu.

Wajen kashe Runes ɗinka, wato ƙasusuwan da ake sayen sihiri da su, fara da Dark Vision, guda ɗaya yake ci, yana nuna maka mutane ta bayan bango da inda suka fuskanta. Sai ƙarin ƙarfin Blink, sihirin da ke cilla ka wani wuri nan take, da guda uku, sai Agility mai ƙara tsalle. Waɗannan biyun na ƙarshe ne ke kai ka saman bututu da rufi inda masu gadi ba su cika ɗaga kai ba. Blink da Dark Vision suna cin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin sihiri, kuma yana dawowa da kansa idan ka ɗan dakata kafin ka sake, don haka kada ka jera su a guje. Bend Time na biyu yana tsayar da lokaci cak, amma Runes takwas yake ci, sai can gaba. Devouring Swarm, Blood Thirsty da Shadow Kill ba su da amfani ga mai sumarwa.

Manyan mutanen da aka aike ka kansu kuwa, kowanne yana da hanyar kawar da shi ba tare da jini ba, sai dai ba a nuna ta sai ka saurari hira ko ka karanta takardun da ke warwatse. Campbell na mataki na biyu, sumar da shi ake yi a kai shi ɗakin tuhuma a ɗora masa tambarin 'yan bidi'a a fuska. Matakin da za ka shiga yanzu, na tagwayen Pendleton, ka fara zuwa wurin Slackjaw, shugaban 'yan Bottle Street, tukuna. Zai nemi lambobin akwatin ƙarfen wani dillalin zane mai suna Bunting, wanda za ka samu ɗaure a kujerar lantarki a gidan Golden Cat. Ka kawo masa lambobin, shi zai ji da tagwayen. Idan kana son abin da ke cikin akwatin, ka riga shi kwashewa kafin ka miƙa.

A nan akwai abin da bai kamata a ɓoye maka ba. Abin da Slackjaw ke yi wa tagwayen shi ne a aske musu kai, a yanke musu harshe, a jefa su aikin bauta a ramin haƙar ma'adininsu. Lady Boyle ta mataki na biyar, miƙa ta ake yi ga wani mutum da ya kwallafa rai a kanta, ya tafi da ita a jirgin ruwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ma'aunin yana ƙirga su a matsayin rai da ka bari, amma mu ba ma kiran wannan tausayi, kuma idan zuciyarka ta ƙi, kisan mutum ɗaya tilo ba zai fitar da kai daga Low Chaos ba. Abin da zai hana ka kawai shi ne lambar yabo ta Clean Hands, wadda ke buƙatar sifili daga kurkukun Coldridge har ƙarshe.

Ranar da ka tashi neman wannan lambar, wasan ba ya nuna adadin kisa sai an gama mataki, don haka ajiyar gaggawa ta maɓallin F5 kaɗai ba ta isa ba, tunda kowace dannawa tana shafe ta baya. Ka buɗe ajiya daban a farkon kowane mataki, wata kuma duk lokacin da za ka ratsa ƙofar da ke kai ka sabuwar unguwa. A liyafar gidan Boyle za a iya sa ka musayar wuta da wani mai suna Lord Shaw. Ɗana kibiyar barci kafin a gama ƙirga, ta wadatar. A mataki na bakwai kuma, idan ka tarar da tsohuwar matsafiyar nan Granny Rags ta ɗaure Slackjaw, ka jefa abin wuyanta da ke ɓoye a ɗakinta cikin tanderu ka ƙone tukuna, sannan ka sumar da ita, ka kuma tabbata ba ka bar ta a ƙasa inda ɓerayenta ke yawo ba.